Tsumma Ba Ya Maganin Yoyo

Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To amma akwai wani yoyon da duk mai wucewa yake gani, mai shi ne kaɗai ya kau da kai. Duk wanda ya saba lura da kekunan nan masu giya da suka cika garuruwanmu a 'yan shekarun nan, zai ga da yawa daga cikinsu an ɗaure musu tsumma a ƙafar gaba, daidai inda ƙarfe mai sheƙi ya shige cikin kubensa, kamar an yi wa yaro ɗaurin targaɗe. Wani tsumman tsohuwar safa ce, wani yankin atamfa ne, wani kuwa robar tif aka yanka aka naɗe. In mutum ya matsa kusa zai tarar ya yi baƙi ƙirin, ya jiƙe sharkaf da mai, ƙura ta kama shi har ta yi ɓawo. Wannan tsumma da man da yake ɓoyewa su ne abin da muke so mu tattauna a kai a wannan fitowa.

Mun san wani zai ce, a rasa abin da za a cika shafi da shi sai man keke? To a yi mana haƙuri a saurara. Man da ake magana bai fi cikin cokali biyu ko uku ba, amma a bayansa akwai albashin malami na wata guda, akwai kuma haƙarƙarinsa da haƙoransa, domin man da ya bar mazauninsa ba ya tsayawa a hanya, gangarawa yake yi har sai ya sauka a kan birki.

Mu da muke wannan rubutu ba sha'awar wasa ce ta ɗora mu a kan keke ba. Koyarwa muke yi a makarantar sakandare, kuma shekara da shekaru babur muke hawa zuwa aiki, har ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur. Cikin 'yan kwanaki lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da naira 500, kafin 2024 ta ƙare kuwa ta haura naira 1000 a wurare da yawa. Sai babura suka koma zaure aka lulluɓe su da buhu, mu da abokan aikinmu da dama muka nufi 'yan gwanjo. A can muka tarar da kekuna jibge, waɗanda aka gama hawa a Turai da Amurka da Japan aka loda a kwantena aka turo mana. Masu faɗin taya, masu giya barkatai, kuma abin da mai sayarwa ya fi yin tutiya da shi shi ne ƙafar gaba. Zai kama birki ya danna kan keken, ka ga ya nutsa ya taso, sannan ya dube ka ya ce, "Ka gani ko Malam? Mai shokazoba ne, ko rami ka faɗa ba za ka ji ba."

Kekunan da muka taso muka tarar a hannun iyayenmu, irin su Raleigh da Phoenix, ba su da wannan fitina. Ƙafarsu ta gaba, wadda masu gyara ke kira fok, ƙarfe ne zalla mai ɗan lanƙwasa a ƙasa, babu abin da ke motsi a cikinsa balle ya zuba. Haƙƙinsu a kan mai su bai wuce iska da faci da giris da ɗigon mai a sarƙa ba, kuma kowane gari akwai wanda ya san wannan aiki a gindin bishiya. Uba ya hau shekara talatin ya bar wa ɗa. Da wannan sabo muka karɓi baƙon keke, muna tsammanin shi ma iska da faci sun ishe shi.

Halin abu yana tare da asalinsa, saboda haka bari mu leƙa inda wannan keke ya fito. A shekarun 1970, a yankin Marin da ke arewa da San Faransisko a jihar Kalifoniya ta Amurka, wasu samari suka riƙa tattara tsofaffin kekuna masu kaurin taya suna gangarowa da su daga kan tsaunuka don nishaɗi. A watan Oktoba na 1976 suka fara wani tsere a kan wata hanyar daji mai gangaren kusan ƙafa 1300 cikin tafiyar kimanin mil 2. Birkin waɗannan kekuna a cikin cibiyar tayar baya yake, kuma kafin a kai ƙasa yakan yi zafi har giris ɗin da ke ciki ya ƙone ya yi hayaƙi. Dole bayan an sauko a kwance cibiyar a sake cusa mata giris. Daga nan tseren ya samo sunansa, Repack, wato sake ɗura giris. A lura da wannan da kyau. Tseren farko da aka san wannan keke da shi, sunan gyara aka raɗa masa.

Daga cikin waɗannan samari aka sami irin su Joe Breeze da Gary Fisher da Charlie Kelly da Tom Ritchey, waɗanda suka shiga ƙera kekuna musamman don hawan dutse, har a 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper kasuwa da yawa. Duk da haka ƙafar gaba ƙarfe ce zalla, sai a 1989 da wani Paul Turner, wanda ya fito daga harkar tseren babura, ya kafa RockShox, ya ƙanƙanta shokazobar babur ya sanya wa keke, da iska da mai a cikinta. A 1990, a gasar duniya ta farko da aka yi a Durango ta jihar Kolorado, Greg Herbold ya ci tseren gangare da irin wannan fok, daga nan kowa ya ce sai shi. Wasu kamfanoni sun gwada guje wa mai ta hanyar cusa dunƙulen roba a ciki, amma wajen 1997 kamfanin Marzocchi na Bolonya a Italiya ya fito da Bomber, wanda kayan cikinsa ke iyo cikin mai tsundum, laushinsa ya sa mai ya ci kasuwa. Fok na farko bai fi nutsawar santimita 5 ba, na yau kuwa daga 10 har zuwa 20. Mutanen da suka ƙera waɗannan abubuwa sun ƙera su ne don mai hawa a ƙarshen mako, wanda ke da kanti a unguwarsu da ake sayar da kowace roba da kowane irin mai, kuma yana da littafin da ya gaya masa ranar buɗewa. Mu keken ya iso mana, littafin da kantin suka tsaya a can.

To mene ne a cikin fok ɗin? Ƙafa biyu gare shi, kuma kowace ƙafa kashi biyu ce: bututun sama mai santsi da sheƙi, da kuben ƙasa wanda bututun yake shiga yana fita kamar takobi da gidansa. A ƙafa ɗaya, galibi ta hagu, akwai abin da ke ɗaukar nauyi, ko sifirin na ƙarfe ko iska da aka matse da famfo. A ɗaya ƙafar akwai mai da ake tilasta wa bi ta wasu 'yan ƙananan huduji duk lokacin da fok ya nutsa ko ya taso. Wanda ya taɓa zuƙar ruwa a sirinji ya danna ya san yadda ƙaramar kafa take rage wa hannu gaggawa, to haka abin yake. Ba don wannan mai ba, da sifirin ya riƙa cilla mahayi sama kamar doki mai tutsu, taya na barin ƙasa a daidai lokacin da aka fi bukatar ta riƙe ta.

Akwai kuma mai na biyu, ɗan kaɗan, a gindin kowane kube, wanda aikinsa shafe bututu ne kawai don ya yi sulɓi. A wasu fok ɗin bai wuce mililita 10 ba, wato cikin cokalin shayi biyu. A cikin kuben akwai zobba biyu masu santsi, su bushin, waɗanda ke riƙe bututu kada ya yi girgiɗi. A bakin kuben kuma, can sama inda ake ɗaura tsumma, akwai zoben roba da makanikai ke kira sil, a ƙarƙashinsa kuma zoben soso mai riƙe ɗan mai yana shafa wa bututu. Wannan sil shi ne mai gadin ƙofa. Aiki biyu aka ɗora masa, ya hana mai fita, ya hana ƙura shiga, alhali bututu na wucewa ta bakinsa sau dubbai a tafiya guda. Leɓensa da ke wannan aiki bai kai kaurin farce ba.

A nan ya kamata a bambanta naso da yoyo, domin ba duk mai da aka gani a bututu ne ciwo ba. In an goge bututu tas, aka kama birki aka danna kan keke sau goma, sai aka ga ɗan siririn zobe na maiƙo a inda nutsawar ta tsaya, wannan naso ne, kuma alamar lafiya ce, tana nuna soso na da mai. Amma in mai ya taru a bakin sil, ko ya ja layi yana gangarowa a jikin kube, ko an goge da safe an tarar ya dawo da azahar, to wannan yoyo ne. Akwai kuma hali na uku da ya fi su duka muni, shi ne fok ɗin da ya yi wata da watanni yana zuba sai wata rana ya bushe ƙayau. Mai shi sai ya yi murna ya ce ya warke. Bai warke ba, man ne ya ƙare, daga ranar kuma ƙarfe ke cin ƙarfe. Sannan a sani, yawancin fok masu araha ba su da mai ko ɗigo, sifirin ne kawai da giris. In irin waɗannan suka fara fitar da wani jan ruwa, ruwan sama ne ya shiga ya haɗu da tsatsa, maganinsu a kwance a wanke a busar a sake giris.

Ƙofa uku mai yake bi ya fita. Ta farko bakin sil, kuma ita ta fi yawa. Ta biyu can ƙasa, inda noti ya ɗaure kube, domin akwai wata 'yar wosha da ake matsewa ta toshe wurin, wadda in an kwance ta an mayar sau da yawa takan daina riƙewa. Ta uku a sama, wajen murfi da maɓallin da ake murɗawa a kulle fok, kuma yoyon nan yana nufin wata roba ce a can ciki ta mutu. Sanin ƙofar shi ne rabin gyaran, shi ya sa tun farko ake wankewa a goge a zuba ido a ga inda jiƙa za ta fara ɓullowa.

Babban abokin gabar sil a ƙasarmu ƙura ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris, iskar hunturu na kwaso ƙura daga Sahara, kuma kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, wanda busasshen gindin tsohon tafki ne tun zamanin da Tafkin Chadi ya ninka girmansa na yau sau da yawa. Ƙasar wurin ragowar ɓawon wasu ƙananan halittun ruwa ce, ɓawon kuwa dangin gilashi ne. In an haɗa ta da yashin hanyoyinmu ta sauka a kan bututu mai maiƙo, sai ta zama kamar samfefa. Duk nutsawa ɗaya tana tura ƙwaya ɗaya ko biyu ƙarƙashin leɓen sil, ƙwayar ta ɗaga leɓen, mai ya sami hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Banda ƙura akwai ƙarzuwa a jikin bututu, ko daga tsakuwa, ko daga jingina keke a bango, ko daga sarƙar da ake kulle shi da ita. Ƙarzuwar da farce zai iya ji in an shafa, tana yanka sil kamar reza duk lokacin da ta wuce.

Kekunan gwanjo kuma suna da nasu ciwon tun daga tushe. Keke ya yi shekaru ajiye a garejin wani Bature, man ya kwanta a gindi, soso ya bushe, roba ta ƙandare. Sannan a cusa shi a kwantena a danne da wasu, ya yi makonni a kan teku, ya zo ya sha ranar kasuwa. Ranar da aka fara hawansa a kan hanyar burji, ranar ce sil ɗin da ya shekara goma bai motsa ba ake neman ya yi aikin sabo. Zafin rana ma na ƙara nasa, domin iskar da ke kulle cikin kube takan kumbura ta tura mai waje ta duk inda ta sami sassauci. Haka nan masu wankin mota da injin feshi, in suka saita bakin ruwan a kan sil, ruwa da datti suke turawa ciki da ƙarfin tsiya.

Namu keken wata uku ya yi a hannunmu, hunturu na kamawa ƙafar hagu ta fara jan layi. Muka kai wa wani dattijo mai gyaran keke da ya fi shekara talatin yana aiki a bakin hanyar makarantarmu, mutumin da ko idonsa a rufe zai ɗaure sifok. Ya duba, ya shafa, ya shinshina yatsa, ya ce, "Malam, wannan ba a taɓa su. Ka kawo tsohuwar safa in ɗaure maka, haka kowa yake yi."

Muka ce, "Baba, in an ɗaure man zai daina fita?"

Ya yi dariya ya ce, "A'a, wandonka dai zai huta."

Gaskiya ya faɗa, kuma ba mu ga laifinsa ba, domin bai taɓa ganin cikin irin wannan fok ba, babu kuma wanda ya taɓa kawo masa sil ya ce ya canza. Amma amsar tasa ta tattara duk abin da tsumma yake yi. Yana kare wando, yana kare ido daga ganin abin da ba ya so. Bayan wannan sai ɓarna. Tsumman da ya jiƙe da mai tarkon ƙura ne, yana tara ta yana riƙe ta a daidai bakin ƙofar da ake so ta nisanta, kuma bututu na goga a jikinsa dare da rana har rufin da ke sa shi santsi ya cinye. Sil abu ne mai araha. Bututun da ya cinye kuwa sai dai a sayi wani fok ɗin sukutum, in ma an samu, kuɗinsa kuma kan kai rabin na keken ko fiye. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Abin da ya fi kuɗi tsanani shi ne birki. Kekunan da ke da birkin faifai, a ƙafar hagu ake ɗaure abin da ke kama faifan, wato daidai ƙarƙashin sil na hagu. Ɗigo biyu ko uku sun isa su shiga takalman birki, kuma takalmin da ya sha mai ba ya wankuwa, sai dai a canza shi a wanke faifan. Alamarsa ita ce birki ya riƙa kuka kamar an taka wutsiyar kyanwa, ka matse iya ƙarfinka keke na ci gaba da tafiya. Wani abokin aikinmu, malamin lissafi, da tsummansa a ɗaure ya gangaro wata gada da sassafe, Keke Napep ya tsaya a gabansa ba zato, ya kama birki birki ya yi ta kuka. Sati shida hannunsa na rataye a wuya, ɗalibai ne ke yi masa rubutu a allo ana dab da jarrabawa.

Mafita ta zo mana ta hannun wani tsohon ɗalibinmu da ya buɗe wurin gyaran babura. Ƙafar gaban babur da ta keken nan 'yan gida ɗaya ne, kamar yadda tarihin da muka kawo ya nuna, kuma shi kullum cikin canza wa 'yan acaɓa sil yake. Ya rusuna ya gaishe mu, ya kifa keken, ya kwance noti biyu na ƙasa, ya zare kuben. Abin da ya zubo ba ya kama da mai ko kusa, wani toka-tokan taɓo ne kamar kunun kanwa da ya kwana, bai cika cokali ba. Soson ya zama baƙi ya yi tauri. Ya ɗago ya ce, "Malam, wannan tun da aka ƙera shi ba a taɓa buɗe shi ba." Ya auna kaurin bututun ya ce milimita 32 ne, ya gargaɗe mu cewa akwai 28, akwai 30, akwai 34 da 35 da 36, kuma ko kauri ya zo ɗaya bakin kube kan bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka a tafi da tsohon sil a hannu. Sati biyar muka yi muna cigiya kafin wani ɗan kasuwa mai zuwa Legas ya samo mana. Sa'ar da muka yi ita ce bututun bai ƙarzu ba. Aikin kansa bai ɗauki awa ɗaya ba, kuɗin kuma bai kai na man babur na sati guda ba. Da muka hau muka ji kamar an canza mana hanya.

A wurinsa muka ga irin magungunan da mutane ke yi waɗanda sun fi ciwon illa. Wani ya ɗura baƙin man inji wai kaurinsa zai hana shi fita, sai fok ya yi nauyi ya daina tasowa, yoyon kuma na nan. Wani ya zuba man birkin mota, wanda ke lalata irin wannan roba ya kuma ɗaye fenti. Wani ya wanke sil da fetur ko kananzir har ya kumbura ya saki. Mai na fok daban ne, siriri ne, ana samun irinsa wajen masu kayan babura, kuma da awo ake zuba shi, domin in ya yi yawa shi ma hanyar fita zai nema. Akwai dai dabaru biyu na talaka da ke aiki. In yoyon sabo ne, akan yanki siririyar roba daga gorar ruwa, a zura ta a hankali ƙarƙashin leɓen sil a zagaya da ita ta kwaso ƙwayar yashin da ta maƙale, sau da yawa yoyon kan tsaya nan take. In kuma ƙaramar ƙarzuwa ce, akan goge kaifinta da samfefa mafi laushi, a cike ramin da jan farce, ya bushe a sake lallashe shi. Sai dai mai gemu ya shirya amsar da zai ba mai kanti in ya je sayen jan farcen.

Masu ƙera fok ba su ɓoye haƙƙinsa ba. RockShox sun ce a zare kube a canza man gindi bayan kowace awa 50 ta hawa, a yi babban gyara bayan awa 200. Kamfanin Fox kuma sun ce awa 125 ko shekara guda, duk wanda ya riga zuwa. Bari mu mayar da wannan lissafin aji. Malamin da ke tafiyar rabin awa zuwa makaranta, rabin awa dawowa, kwana biyar a mako, zai cika awa 50 cikin mako goma. Wato kusan zangon karatu guda ke nan, ba a ma sa zuwa kasuwa da gaisuwar 'yan'uwa ba. Ashe ƙa'idar mai sauƙin riƙewa ce: duk hutun ƙarshen zango, in an gama cike sakamakon ɗalibai, a kai fok a buɗe shi, musamman hutun da ya biyo bayan hunturu. Tsakanin hutu da hutu kuwa aikin bai fi na minti ɗaya ba. In an dawo gida a goge bututu da bakin sil da ƙyalle mai tsabta, a ajiye keke a inuwa, kada a zagaya sarƙar kulle ta kan bututu. Ga shi dai tsumma na da amfani, amma a hannu, ba a ɗaure a ƙafa ba.

Wanda bai riga ya saya ba, ya tafi kasuwa da farin ƙyalle a aljihu. Ya goge bututu ya danna ya duba. Ya bi jikinsa da farce ko zai ji kaifi, ya duba ko launinsa ya koɗe a kusa da sil. Ya kama birkin gaba ya tura keken gaba da baya, in ya ji ƙwas-ƙwas a cikin kube to bushin sun cinye. Kada kuma ya yarda da fok ɗin da aka wanke aka shafe da mai yana walƙiya, ya tambayi dalili. Araha ba ta ado.

Akwai kuma shawarar da mai sayarwa ba zai bayar ba. Wanda tafiyarsa duk a kan kwalta take, ko wanda ya san a garinsu babu mai buɗe fok kuma babu inda zai sami sil, ya nemi keke mai ƙafar ƙarfe zalla irin ta iyayenmu, ko ya sa a cire mataccen fok a sanya masa irinta mai tsawo daidai. Ya fi sauƙin nauyi, ba ya zuba, kuma in taya mai faɗi ce aka rage mata iska kaɗan za ta shanye mafi yawan gargadar hanya. Babu abin kunya a nan. Fok mai mai da aka bari ya mutu nauyin banza ne kawai mutum yake tuƙawa, ga haɗari a kai.

Abin da muke son mai karatu ya tafi da shi bai wuce wannan ba. Duk na'urar da ta shigo hannunmu da haƙƙinta take zuwa, ko an ba mu littafinta ko ba a ba mu ba, kuma wanda ya karɓi daɗin laushin dole ya karɓi wahalar buɗewar. Fok ba shi da baki, ɗigon man nan shi ne iyakar maganarsa, kuma da wuri yake yin ta, tun gyaran na 'yan kuɗi kaɗan ne. Masu gyaran kekenmu, da ƙwarewar hannun da Allah Ya ba su, yini ɗaya ya ishe su koyon wannan aiki in suka zauna da makanikan babura, kuma ranar da masu kekuna suka fara tambayar sil maimakon miƙa tsohuwar safa, 'yan kasuwa za su fara kawo shi. Kafin wannan rana, duk wanda ke da tsumma a ƙafar kekensa ya daure ya kwance shi yau, ya goge, ya duba abin da ke ƙarƙashi. Allah Ya kai mu wuraren aikinmu lafiya, Ya dawo da mu gida lafiya.